Baba Attahiru da Murfin Langa

Idan ka shigo layinmu a Gidan Dahala da hantsi, ka ga wani dattijo dogo siriri yana tafe, hannuwansa goye a baya, idonsa a ƙasa kamar wanda allura ta faɗi masa, to Baba Attahiru ke nan. Ba abin da ya faɗi masa. Haka na san shi tun da mijina marigayi Malam Jalaluddeen, Allah Ya jiƙansa, ya kawo ni unguwar nan ina amarya. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma ba ta da tsawo, shi ya sa ni da matarsa Balaraba muka tsufa muna miƙa wa juna gishiri da labari ta samanta. Yawancin abin da zan faɗa a kansa daga bakinta na ji. Sauran da idona na gani.

A Ƙofar Rini aka haife shi. Mahaifinsa majemi ne, yana gyara fatar akuya ya rina ta ja. Wata rana suna yara aka shafe bangon zaurensu da farar ƙasa, sai aka wayi gari da shatin hannu ja a tsakiyar bangon. Kowane yaro ya ce ba shi ba ne, kuma duba hannu ba zai yi amfani ba, don a gidan rini hannun kowa ja ne. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya jera su, ya riƙa ɗora tafin kowa a kan shatin, har ya zo kan wanda ya hau daidai. Na Attahiru ne. Yakan ce a ranar ya sha bulala, a ranar kuma ya samu sana'a.

Da ya gama makaranta ya shiga aikin ɗan sanda, amma ba irin masu tsayuwa a titi ba. An tura shi horo Kaduna, daga baya Legas, ya dawo da wata baƙar jaka wadda ko 'ya'yansa ba su isa su taɓa ba. A ciki akwai buroshi mai laushi kamar gashin jariri, da baƙar hoda kamar kwalli, da fara, da salatif, da kyamara. In an fasa shago ko an shiga gida, shi ake kira ya je ya nemo abin da ɓarawo ya bari. Balaraba ta ce ba ta taɓa ganinsa da bindiga ba. "Mazan mutane na tahiya aiki da bindiga, nawa da kayan kwalliya," haka take cewa, ko a gabansa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan kununsa.

Maganarsa guda ce, duk wanda ya zauna da shi ya haddace ta. Ya ce mutum ba ya shiga wuri ya fita bai bar wani abu nasa ba, ko sawun takalmi, ko zaren riga, ko maiƙon yatsa a jikin ƙofa. Kuma ba ya fita bai ɗauki wani abu na wurin ba, ko da ƙasar tsakar gida ce a ƙasan takalminsa. Ya ce zanen da ke kan yatsan ɗan Adam Allah bai maimaita shi ba, ko tagwaye kowa da nasa. Wani zanen yana hawa kamar tudu ya sauka, wani ya lanƙwaso ya koma inda ya fito, wani kuma ya naɗe kamar ɗinkin faifai. Ranar da Balaraba ta gaya mini haka, bayan na idar da azahar na daɗe a kan sallaya ina kallon yatsuna. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan, ina yawo da shi shekara da shekaru ban taɓa dubawa ba.

Zama da irin wannan mutum sai mai haƙuri. Kofi ta can bakinsa yake ɗauka, ƙofa da gwiwar hannu yake turawa. Yaran gidan sun tashi ba su iya ƙarya ba, ba don sun fi na kowa tsoron Allah ba, don dai ba ta yi musu amfani. In madara ta ragu a gwangwani, sai ya ɗaga murfin ya karkata shi wajen haske, ya kira sunan mai laifi. Balaraba ta ce har ita ya taɓa kamawa, ta ce masa madararta ce, da kuɗin sana'arta ta saya, ya je ya kai ƙara.

Akwai ɓangaren aikinsa da ba ya son zance a kai, wato raka gawa wurin likita idan mutuwa ta zo da shakka. Da yake ina cikin masu yi wa mata wanka a unguwa, sau ɗaya ya taɓa sa Balaraba ta gaya mini abin da hannuna ya sani, yadda jiki ke sandarewa bayan rasuwa sannan daga baya ya saki, shi ne likita ke dubawa ya kimanta lokacin da rai ya fita. Ya ce shi ma zuciyarsa ba ta son a jinkirta jana'iza, amma wani lokaci mamaci yana da haƙƙi a kan wani, kuma jikinsa ne kaɗai shaidar da ta rage masa. Labarin da ya fi so dai na dariya ne. An taɓa kamo wani bawan Allah da riga jina-jina washegarin wani faɗa a Gawon Nama, yana ta rantsuwa ragon suna ya yanka. Aka kai rigar ɗakin gwaji, sakamako ya fito jinin rago ne. Mutumin ya aiko masa da cinya guda don godiya. Ya mayar, Balaraba kuwa har yau ba ta yafe wannan cinyar ba.

Ya yi ritaya ya mayar da jakar, ya koma tsakanin masallaci da tabarmarsa ta ƙofar gida. Mun ɗauka aikin ya ƙare ke nan, sai ga abin da ya faru bara a gidan Sadiyatu.

Sadiyatu ita ce mai markaɗen layinmu. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya, da injin nan take riƙe gida. Mai gyara mata shi kuwa Mustapha ne, magidanci mai iyali, rumfarsa tana bakin titi. Keken ɗinki, janareta, injin taliya, duk shi ne. A unguwa irin tamu namiji baligi ba ya shiga gidan matan aure haka kawai, amma mazan layi sun yarda da Mustapha. Ko maigida ba ya nan, sai ya yi sallama, a saka hijabi, ya shiga kansa a sunkuye ya yi aikinsa ya fita. Da wannan yardar yake ci da iyalinsa.

Ranar da abin zai faru, Mustapha ya zo da rana ya canja wa injin baƙin mai, ya tafi kafin la'asar. Ni kuma bayan magariba na kai jiƙaƙƙen gerona na kamu a farar langata. Sadiyatu ta ce ta rufe, amma in ajiye a kan katakon da aka kafa injin, da nawa za ta fara da safe. Na ajiye ta manne da injin na dawo gida.

Da gari ya waye muka ji salati. Na ja hijabi na fita. An ɓalle kwaɗon ƙofar Sadiyatu, an kwance kan injin an tafi da shi, sai bel yana reto. Ita kuwa tana zaune a ƙasa tana kuka.

To mu dai ba ma barin mutum shi kaɗai da asara. Kafin rana ta fito sosai mata sun cika gidan ana jaje. Cikin waɗanda suka fara zuwa har da Hajiya Bara'atu, dattijuwa mai kirki da saurin hannu da saurin baki, wadda ba a suna ko zaman makoki a layinmu ba ita ke tsara wuri ba. Tana shigowa ta dubi tsakar gidan ta ce ba a karɓar 'yan jaje cikin datti. Ta ɗauki tsintsiya da kanta. Ta sa aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi. Wata ta goge katakon injin da tsumma, wata ta tsince notikan da ɓarawon ya zubar ta wanke su tas ta zuba a kofi. Kwaɗon kuwa hannu zuwa hannu ya yi ta yawo, kowa na juya shi tana Allah Ya isa.

Baba Attahiru ba ya fitowa daga masallacin asuba sai rana ta ɗaga. Da labari ya kai masa ya zo ya yi sallama, aka ba shi izini, muka gyara lulluɓi. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya dubi ƙasa. Shatin tsintsiya ne reras, an jera shi kamar ado.

"Wa yas share nan?" ya tambaya a hankali.

"Ni ta," in ji Hajiya Bara'atu. "So kake mutane su zo jaje su ishe gida kamar turken awaki?"

"Hajiya, sawun mutumin hwa?"

"Shina cikin kwandon shara, in kana so a kawo ma."

"Kwaɗon ƙohwa?"

"Ga shi nan, kowa ya gani, da ƙarhe anka ɓalle shi." Ta ciro shi daga ƙullin zanenta ta miƙa masa.

Bai karɓa ba. Ya yi salati mai tsawo. Balaraba ta raɗa mini cewa wannan salatin na shara ne, ba na sata ba.

"Mi za a tsaya nema, Malam?" Hajiya ta ci gaba. "Wa yat taɓa injin ga jiya? Wa yas san yadda ake kwance shi ba a ji ƙara ba? Ni ban kira sunan kowa ba."

Ba ta kira ba, amma kowa ya ji. Sadiyatu kuka kawai take. Ƙanen mijinta ne ya fita da maganar ya kai ofishin 'yan sanda, kafin hantsi ya yi zafi an zo an tafi da Mustapha don tambayoyi, mutane na kallo.

Ni kuwa tun shigowata idona ya faɗa kan langata. Ba ta kan katako. Tana gindin katanga, bayan randa, inda ba ni na ajiye ta ba. A kan farin murfin kuma ga shatin babban yatsa baƙi ƙirin, na man inji, ya fito ɓaro-ɓaro har zanen ana gani. Baba Attahiru na nan tsaye a bakin ƙofa, sai Hajiya ta ce a tattara kwanukan gidan a wanke, kada Sadiyatu ta ji da kuka ta ji da wanke-wanke. Ni ba mai magana cikin taro ba ce, ban taɓa iyawa ba. Sai na je na tsaya a gaban langar na baza hijabina kamar kaza a kan ƙwai.

"Hajara, ki zamna mana, ga tabarma," in ji Hajiya.

Na ce nan ma ya yi.

"Tsayuwar mi kike kamar mai jiran liman?"

Aka yi dariya, ni dai ban motsa ba. Da na samu idon Balaraba na yafito ta, na raɗa mata. Ta leƙa bayana, ta zaro ido, ta tafi wurin mijinta.

Ban taɓa ganin Baba Attahiru yana sauri ba sai ranar. Ya zo ya tsuguna, hannuwansa har yanzu a baya, ya kai fuskarsa kusa da murfin kamar mai sansanar miya.

"Malama, yaushe kika kawo ta?"

Na ce bayan magariba.

"Ina kika aje?"

Na nuna masa katakon.

"Murhin wanke shike da kika kawo?"

Na ce da hannuna na wanke shi, ba ko ɗigo.

Ya juya ya tambayi Sadiyatu ko ita ta ɗauke, ta ce ba ta ko taɓa ba, rufe ƙofa ta yi ta kwanta. Ya tambaye ta yaushe Mustapha ya tafi, ta ce tun kafin la'asar. Sai ya miƙe, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Kak kowa shi matso nan," ya ce. "Mutumin ya sa hannu ga inji, langa ta tare mai hanya, ya ɗauke ta ya aje gehe. Wanga yatsa na wanda yak kwance injin na."

"To a diba jikin katako," in ji Hajiya. "Da ba a goge ba, da hannun yaron ga na nan ko'ina."

"Da shina nan mana, Hajiya, ba shi yag gyara shi jiya ba? Yatsa na hwaɗin an taɓa abu, ba ya hwaɗin yaushe. Langar ga kau mun san sa'ad da taz zo gidan ga, kuma Mustapha ya riga ya tahi."

Na ɗauka zai ɗauki murfin ya tafi da shi. Ya ce a'a, shi yanzu ba ma'aikaci ba ne, in ya ɗauka da hannunsa gobe a kotu za a ce wa ya san inda ya biya da shi. Ya buga waya ga wani da ya taɓa koya wa aiki, ya sa aka kawo kwali ya kifa a kan langar, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna gadi. Hajiya ta aiko masa da koko. Ya sha, idonsa a kan kwalin.

Wajen azahar suka zo, namiji ɗaya da wata 'yar sanda mai suna Sumayya, yarinya mai fara'a. Suka ajiye ɗan ma'auni kusa da shatin suka ɗauki hoto ta ko'ina. Ba su sa hoda ba. Baba Attahiru ya bayyana mana cewa hoda ta yatsan da ya ɓuya ce, wanda ido ba ya gani. Wannan kuwa ɓarawo ya hutar da su, ya buga shi da baƙin mai. Suka ɗaga murfin da safar hannu ta gefe-gefe suka sa a kwali. Wata ta kawo leda, ya ce a'a, leda tana gumi kuma tana gogewa. Gerona kuwa ya riga ya yi tsami, na mayar da shi gida a buɗe na ba kaji.

Sai kuma aka zo inda aka sha kallo. Sumayya ta ce dole a ɗauki yatsun duk wanda ya shiga gidan ranar, don a tabbatar shatin ba na ɗaya daga cikinmu ba ne. Gida ya ɗauki hayaniya.

"Ni ɓarauniya ta?" in ji Hajiya Bara'atu. "Na je Makka, na aurar da ɗiya, yau a dangwala man tawada?"

"Inna, ba zargi ba na," in ji Sumayya. "Hidda ku za a yi daga ciki."

"Da can wa yas sa ni ciki?"

"Ke kika sa kanki, Hajiya, da tsintsiya," in ji Balaraba.

Wata ta ce ita dai namiji ba zai riƙe mata hannu ba, aka ce ai don haka aka zo da Sumayya, maza suka koma zaure. Wata ta ɓoye hannu ta ce ta yi lalle jiya, nata ba zai fito ba. Baba Attahiru ya amsa daga zaure cewa lalle launi yake canjawa, zane yana nan. Ni damuwata ɗaya ce, ko tawadar za ta hana ruwan alwala shiga. Sumayya ta ce sabulu na fitar da ita, ta nuna mini a hannunta. Na miƙa nawa na fara. Ta kama yatsan ta mirgina shi a kan tawada, ta mirgina a kan takarda daga gefe zuwa gefe, ta ce kar in taya ta, in saki hannun kawai. Da Hajiya ta ga an gama da kowa saura ita, ta miƙa nata tana kallon sama. Da aka gama kuma ta fi kowa daɗewa tana duba takardar, har tana tambaya ko nata ya fi na Balaraba kyau.

Mustapha bai kwana a ofishin 'yan sanda ba, Baba Attahiru da limaminmu suka je suka tsaya masa, bayan an ɗauki yatsunsa shi ma. Amma fitowa daban, wankuwa daban. Ya buɗe rumfarsa, ba wanda ya kira shi. Ina wucewa zuwa islamiyya in gan shi zaune yana goge sifanun da ba su yi datti ba. Keken ɗinkin wata maƙwabciyarmu ya lalace, mijinta ya ɗora shi a Keke Napep ya kai har wata unguwa, ya wuce ta gaban rumfar. Matar Mustapha, Mariyatu, ta daina zuwa makaranta, wurin zamanta kusa da ni ya zama fili. Ba wanda ya ce masa ɓarawo a fuska. Gaisuwa ce kawai ta gajarce.

Baba Attahiru ya riƙa zuwa ofishin yana tambaya, har Balaraba ta ce ko albashi aka mayar masa. Da sakamako ya fito, sai da ya sa aka nuna masa hotunan ya duba da gilashinsa, sannan ya yarda ya buɗe baki. Ya gaya wa maza a masallaci bayan la'asar, mu kuma ya same mu a gidan Sadiyatu, ya tsaya daga zaure. Ya ce yatsan da ke kan murfi ba na Mustapha ba ne. Na Mustapha zanensa lanƙwasa ne, na murfin naɗi ne, kuma da tsohon tabon yanka a tsakiya. Ba na kowa a cikinmu ba ne, ba kuma na mutanen gidan ba.

"To na wa na?" in ji Hajiya.

"Ban sani ba."

"Duk wahalar ga, da tawada, da gadin kwali, ba ka sani ba?"

"Yatsa ba ya zuwa da suna, Hajiya. Sai an samu mai shi a gwada. Abin da nas sani, ba na Mustapha ba na."

"In kuma aiko wani yay yi hwa?"

"In haka na, ni ma ana iya cewa na aiko wani. Ke ma ana iyawa. Mi anka gani gare shi in ba gyaran da yay yi da rana tsaka ba?"

Hajiya ta buɗe baki ta rufe. Ban taɓa ganin haka ba, Balaraba ma ta ce ba ta taɓa gani ba.

Duk da haka ba a kira Mustapha ba. Mutane sun ji, sun gamsu, amma kowa na jin nauyin ya zama na farko, don kiransa kamar amsa laifi ne. Baba Attahiru ya ce wannan kuma ba aikin buroshi ba ne, ya kai iyakarsa.

Ranar wata Alhamis ina gidan Hajiya Bara'atu ina taya ta tsintar shinkafa, sai na ji ta ce wa Alhajinta janareta ya ƙi tashi, a kira Mustapha. Alhaji ya dube ta, ya sa hula ya fita da kansa. Can sai ga ƙarar babur. Alhaji ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji, ya ce, "Shiga mana, Mustapha, gidanku na."

Ya shigo da sallama, ya rame. Ya tsuguna gaban janaretan ya duba nan ya duba can, sai ya tsaya. Ya murɗa wani ɗan abu a gefe, ya ja igiya, inji ya tashi.

"Hajiya, makunnin mai na anka ruhe."

"To ni na san inji? Kashe shi ka diba da kyau. Kwance shi duka."

"Lahiya lau shike, Hajiya."

"Na ce ka diba."

Ya kwance, ya goge, ya mayar. Ta sa aka dama masa fura, ta ce sai ya shanye. Ta tambayi Mariyatu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsintar shinkafa ina lura, sai leƙen ƙofa take. Babur ɗinsa take so ya daɗe a ƙofar gidanta har masu dawowa daga kasuwa su gani. Da ya miƙe zai tafi ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa.

"Mustapha, bakina ya yi sauri. Ka yahe man don Allah."

Ya ce, "Allah Shi yahe muna baki ɗai, Hajiya." Ya ɗauki jakarsa ya fita, na ga yana goge ido da hannun riga.

Washegari aka ga babur ɗin a ƙofar gidan mai keken ɗinki, jibi a wani gidan. Mariyatu ta dawo makaranta, na matsa mata ta zauna. Ɓarawon dai har yau ba a kama shi ba, hoton yatsansa na can yana jiransa.

Mustapha ya bi 'yan gwangwan ya haɗo tsohon kan inji daga nan da can, ya kafa wa Sadiyatu, ya sa aka yi wa notikan walda yadda mai son ɗauka sai dai ya tafi da katakon da rabin rumfa. Injin yana aiki, amma ƙararsa ta ninka ta wancan, in ya tashi da safe har kwanukan gidana rawa suke. Balaraba ta leƙo ta katanga ta ce ta gaya wa maigidanta ya je ya yi magana, tunda shi ya jawo mana. Ya ce mata shi bai ji komai ba, kunnensa ya tsufa.